Gishirin Baba Yari

Idrissa ne ya fara ture kwanon. Loma biyu kawai ya yi, ya ɗauki kofin ruwa ya shanye tas, sannan ya dube ni ta ƙasan ido.

"Kalsum, yau kuma ruwan teku kika ɗebo mana kika yi miya da shi?"

'Yan dakon da ke jere a kan benci suka kwashe da dariya, amma ba ta yi nisa ba ta mutu, domin kowa ya ga Baba Yari a tsaye bayan tukunya da ludayi a hannu, farar rigarsa ta kuku a goge, hularsa a miƙe. Idrissa mutumin Maraɗi ne, yana tura baro a kasuwar bakin titin jirgi, kuma shekara huɗu ke nan bai ci abincin rana a wani wuri ba sai a rumfata. Na ɗiga miyar a tafin hannuna na lasa. Sai da idona ya kawo ruwa. Karo na uku ke nan a mako guda.

"Me ya ce?" in ji Baba Yari. Kunnensa ƙalau yake, na san ya ji.

"Cewa ya yi yaji ya ɗan yi yawa, Baba."

"Yaji? Rabu da mutanen Nijar, fura ta lalata musu baki."

Ya yi dariyarsa mai taushi, ya ci gaba da juya miya. Idrissa ya miƙe, ya goge baki da bayan hannu, ya tsallaka titi zuwa wurin Iya Risi mai sayar da tuwon amala. Mutum biyu suka bi shi. Na tsaya ina kallon bayansu har wata motar haya, danfo, ta shiga tsakaninmu.

Gidanmu yana Sango ne, a nan Agege, irin gidan hayar nan mai ɗakuna goma sha biyu suna kallon juna, da dogon lungu a tsakiya wanda muke kira faseji. Ƙofar Baba Yari tana kallon tawa. Tun ina amarya na same shi a gidan, har mijina ya rasu ya bar ni da 'ya'ya uku, har na kafa rumfar abinci a bakin titi don in riƙe su. Duk tsawon shekarun nan, ban san shi da komai ba sai gaisuwa. Kafin rana ta fito ya fice, sai yamma lis ya dawo, jikinsa yana ƙanshin soyayyar albasa.

Daga wani ƙauye kusa da Malumfashi ya taso yana ɗan shekara goma sha bakwai, ya biyo jirgin shanu ya sauka a Ebute Metta da riga ɗaya. Ya fara da wanke kwanuka a wani kamfanin saƙa a Ikeja, ya koma yankan albasa, daga nan ya kai ga tukunya, har ya zama babban kuku mai ciyar da ma'aikata ɗari huɗu da manyan ofis. Shekara talatin da shida ya yi a wurin. A watan da sojoji suka miƙa mulki, a watan aka yi masa ritaya. Sababbin masu kamfanin sun ɗauko 'yan kwangila masu kawo abinci daga waje.

"Ni da sojoji tare aka sallame mu," haka yake ce wa mutane. "Su sun koma bariki, ni na koma ɗaki. Bambancinmu da su, ni ban bar tukunya da ƙauri ba."

Matarsa ta daɗe da rasuwa. Ɗansa ɗaya ne a Legas, Khamisu, mai harkar fatu a abbatuwa, yana ɗakin ƙurya na gidan da matarsa Bushra. Khamisu ya sayo wa uban tabarma sabuwa da rediyo, ya ce yanzu sai hutu. Baba Yari ya gwada. Wata biyu yana zama a majalisar dattawa da ke ƙofar masallacin layinmu, tare da su Malam Talle, tsohon maigadi da shi ma ya ajiye aiki. Amma ko a zaman nan, sai ya aske fuska, ya goge kaya, ya share takalmi, kamar mai shirin shiga ofis.

Wata safiya ina zaune a rumfa ina fama da kwandon albasa, sai na ga inuwa a kaina. Baba Yari ne.

"'Yata, wannan yankan naki, albasar kike yi wa hukunci ko kanki?"

Kafin in ba shi amsa ya nannaɗe hannun riga, ya karɓi wuƙar, ya gwada bakinta da babban yatsa, ya girgiza kai, ya wasa ta a gindin turmi. Ban taɓa ganin hannu irin nasa ba. Idonsa yana kaina yana magana, albasar tana zuba a faranti siriri-siriri, duk girma ɗaya.

"Majalisar can ta ishe ni," ya ce. "Daga safe zuwa azahar ba abin da ake yi sai lissafin waɗanda suka mutu da waɗanda ke kan hanya. Ni kuwa aikin ne ya ƙare, Kalsum. Ni ban ƙare ba."

Washegari ya zo da farar rigarsa da hularsa. Na ji kunya, na ce, "Baba, a rumfar kwano da buhu za ka sa wannan?" Ya ce kayan ba na kamfani ba ne, na aikin ne.

Daga ranar rumfata ta canja. Ya koya mini yadda ake soya tumatir har tsaminsa ya mutu man ya taso, da yadda ake rufe dafa-duka da ganye a rage wuta a bar ta da tururinta. Ya hana ni zuba ruwan sanyi a nama yana kan tafasa. Ya sa na sayi bokiti biyu na wanke-wanke, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraya. Cikin wata uku sai da na ƙara benci. Direbobin danfo, Yarabawa, suna tsayawa suna ɗaga masa hannu, "Oga Kuku, e ku ise o!" wato sannu da aiki. Shi kuma ya amsa musu da Yarabanci tsab, har da zolaya. Da na yi maganar in riƙa ba shi wani abu, ya ɓata rai. Kwanon abincinsa na rana kawai yake karɓa, ya zauna a kan kujerar roba ya ci da cokali, a nutse.

Ba kowa abin ya yi wa daɗi ba. A majalisa aka fara cewa dattijo da furfura ya koma cikin tukwanen mata. Malam Talle ne ya fi kowa faɗa. Maganar ta isa abbatuwa, wata rana da yamma Khamisu ya tare uban a faseji, ina tsugune ina hura gawayi.

"Baba, me na rage ka da shi?"

"Ba ka rage ni da komai ba."

"To me ya sa kake so a riƙa nuna ni da baki? Da a kamfani ne, an san aiki ne. Wannan fa a bakin titi ne, kowa yana wucewa. Cewa ake yi na kasa ciyar da kai."

Baba Yari ya ninke ƙyallen da yake ɗaurawa a gaba.

"Khamisu, da ludayin nan na kai ka makaranta, da shi na yi maka aure. Lokacin ba ka ji kunyarsa ba, don ba ka ganinsa. Yanzu ka gan shi. Shi ne dai, bai canja ba."

Khamisu bai sake tayar da maganar ba, amma ya daina bi ta gaban rumfata. Sai ya zagaya ta bayan gidan burodi.

Haka muka yi shekara ɗaya da rabi. Sai bayan ƙaramar salla, a farkon shekara ta 2001, gishirin nan ya fara.

Ranar da Idrissa ya ture kwano, da na tashi daga rumfa na wuce ɗakin Bushra. Tana tsince shinkafa. Na tambaye ta ko Baba lafiya yake. Ta leƙa faseji, ta sauke murya.

"Yaya Kalsum, ni ma abin yana damuna. Abincin da nake kai masa haka nake ɗauko shi. Kin lura da ƙafarsa? Takalminsa ya daina shiga. Silifas ɗin da yake sawa yanzu sai da ya tsaga bakinsa da reza. Na gaya wa maigidan, ya yi masa maganar asibiti, Baba ya ce shi gajiya ce kawai."

Na so in yi wa Baba Yari magana a ranar. Ban yi ba. Maimakon haka sai na shiga dabara. Na ɓoye gwangwanin gishiri a cikin buhun gawayi, ya je shagon kusa ya sayo wani. Na riƙa zuba dankali a miya don ya tsotse, na riƙa ƙara ruwa a ɓoye in ya juya baya. Na fara dafa ƙaramar tukunya a gida in kawo a rufe, ina zuba wa tsofaffin masu saye daga ciki. Yana gani. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Benci na uku ya koma wurin ajiye kwanuka. Babbar 'yata ta ce mini, "Umma, har yaushe?" Na daka mata tsawa, alhali tambayar da nake yi wa kaina ke nan.

Sai aka yi haihuwa a gidan Alhaji Mahbub mai goro, aka ba ni aikin abincin suna. Ban taɓa samun aiki mai girmansa ba, kuma na san idan ya yi kyau wasu za su biyo baya. Tun da sassafe muka ɗora manyan tukwane biyu na dafa-duka. Na auna komai da hannuna. Na ce, "Baba, na sa gishiri, wuta kawai za ka duba mini." Ya ce to. Na hau okada na je karɓo naman da aka yanka a abbatuwa.

Da na dawo ƙanshi ya cika layin. Matan gidan sunan sun riga sun aiko da manyan robobi, 'yan mata uku suna jira. Na buɗe tukunyar farko na ɗanɗana. Na buɗe ta biyu. Ban san lokacin da murfin ya faɗi daga hannuna ba.

"Na ji kamar gishirin bai ji ba ne," in ji Baba Yari a hankali, "sai na ɗan ƙara."

Abin da na faɗa, a gaban 'yan matan nan na faɗe shi, da 'yan dako, da Iya Risi da ke tsallaken titi.

"Baba, don girman Allah ka koma ɗaki ka huta! An sallame ka a can, shi ne ka zo nan za ka kashe mini sana'a? Marayu nake ciyarwa da tukunyar nan! Bakinka ya mutu, kowa ya sani, kai kaɗai ne ba ka sani ba!"

Har mai gyaran taya ya tsaya da bugun da yake yi.

Baba Yari ya ajiye ludayin a kan faranti, ya daidaita shi. Ya je wurin bokiti ya wanke hannu da sabulu, ya ɗauraye. Ya kwance ƙyallen gabansa ya ninke shi gida huɗu. Sannan ya dube ni.

"Gaskiya kika faɗa, 'yata."

Ya tafi a miƙe, yana jan tsagaggen silifas, bai waiwayo ba.

Iya Risi ce ta cece ni a ranar. Ta tsallako da 'ya'yanta biyu da buhun shinkafarta, muka sake ɗora wata. Abincin suna bai isa ba sai bayan la'asar, matar Alhaji ta aiko mini da magana mai zafi. Tana cikin juya tukunya Iya Risi ta ce mini, ba tare da ta dube ni ba, "Shinkafa an sake dafawa. Wancan kuma ban san yadda za ki yi da shi ba."

Kwana tara Baba Yari bai fito ba sai zuwa banɗaki da alwala. Ko masallaci bai je ba. Ina wucewa ta ƙofarsa safe da yamma, labulen a sake, rediyo a kashe. Masu saye suka fara dawowa, Idrissa ya dawo, ya ci ya suɗe kwano, ya tambayi Baba, na ce yana hutawa. A rana ta huɗu Khamisu ya bi ta gaban rumfata, karo na farko cikin fiye da shekara.

"Kalsum, na gode. Abin da na kasa, ke kin yi."

Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

A rana ta goma na yi sallama a ƙofar Baba Yari. Na ɗauka zan same shi a kwance. A zaune yake a bakin gado, cikin shuɗiyar riga mai guga, fuska a aske, ƙafafunsa a kan matashi sun kumbura har fatar tana sheƙi. Na durƙusa a bakin ƙofa. Duk maganar da na shirya ta gudu, sai kuka.

"Tashi, tashi. Shigo ki zauna. Ai ni ya kamata in zo."

"Baba, ka yafe mini. Bakina ne..."

"Na yafe tun a ranar. Amma abu ɗaya kika faɗa ba daidai ba. Kin ce ni kaɗai ne ban sani ba." Ya shafa gwiwarsa. "Tun cikin azumi na sani. Ranar goma ga wata na sa dabino a baki da magariba, na ji kamar na tauna tsumma. Na ce ƙishi ne. Na sha kunu, haka. Tun daga nan komai na sa a baki ƙarfe-ƙarfe nake ji, kamar na tsotsi makulli. In na ƙara gishiri sai in ji kamar wani abu yana so ya taso daga nesa, sai in ƙara, ko zai iso."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In faɗa wa wa? In ce me?" Ya dubi hannuwansa. "Da aka sallame ni a kamfani ban damu sosai ba. Na ce ginin nasu ne, tukwanen nasu ne, amma harshen nawa ne, da shi zan tafi. To in harshen ma ya tafi, Kalsum, wane ne wannan da ke zaune a nan? Kwana tara ke nan ina tambaya."

Sai ya ɗago kai ya dube ni.

"Ki ce wa Khamisu na yarda, a kai ni asibitin."

A wani asibiti a Ikeja aka ce ƙoda ce, duka biyun, kuma abin ya yi nisa. Aka ce sai an riƙa ɗora shi a kan injin wanke jini. Ya je sau uku. Kowace dawowa sai an riƙo shi daga bakin titi, ya kwana biyu bai san inda yake ba. Bayan na ukun ya ce wa ɗansa ya isa haka. Khamisu ya yi faɗa, ya yi roƙo, ya kawo liman. Baba Yari ya saurari kowa, ya yi godiya, ya ce kwanakin da suka rage yana so ya yi su da hankalinsa a jikinsa.

Bai sake komawa rumfa ba. Na roƙe shi ya zo ko zama ne ya yi, ya ce a'a, wannan ya wuce. Amma wata yamma ya sa Bushra ta fito masa da kujera ƙofar ɗakinsa, a faseji, inda matan gidan ke jera risho da murhun gawayi. Yana zaune ido a lumshe, sai muka ji ya ce, "Bushra, manki ya yi zafi, zuba albasar."

Ta dube shi. "Baba, ai ko kallo ba ka yi ba."

"Ina jin sa. Ya daina ƙara. Maman Ridwanu, wakenki ya kusa kamawa, ƙara masa ruwan zafi, ba na sanyi ba."

Maman Ridwanu ta buɗe tukunya ta yi salati. Matan suka yi ta dariya, shi ma ya yi, har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce mini, "Ashe hanci da kunne ba su yi ritaya ba."

Daga nan kullum da yamma yana wurin. Ba ya taɓa tukunyar kowa, ba ya tambayar gishiri. In an zo nan sai ya ce, "Wannan kuma naku ne." Har Malam Talle ya fara zuwa dubiya, yana zama a ƙasa kusa da kujerar. Wata rana na ji yana cewa shi tun da ya ajiye sandar gadi bai san me yake tashi yi da safe ba, 'ya'yansa ma ba sa tambayar ra'ayinsa a kan komai. Baba Yari ya ce masa, "Shekara talatin kana gane ɓarawo daga tafiyarsa. Yaran nan sababbin zuwa da ke neman gadi a Ikeja, wa ke koya musu? Ka tara su a ƙofar masallaci ka gaya musu abin da ka sani. Kuma ka wanke hular nan, Talle, don Allah."

Kada in sa ku ɗauka kullum haka yake. Akwai ranakun da ba ya fitowa, akwai ranakun da zai fito ya zauna bai ce uffan ba har a sauke tukwane. Wata ranar Talata da hantsi na dawo gida ɗaukar attaruhu, gidan ba kowa, na ji motsi a ɗakinsa. Labulen a ɗage yake. Yana riƙe da ƙaramin madubi, fuskarsa ta kumbura har idanun sun zama 'yan tsaga, hawaye yana bin kumatunsa. Na so in koma da baya, ya riga ya gan ni.

"Kalsum, zo ki gani. Wannan ba ni ba ne."

"Kai ne mana, Baba. Kumburi ne, zai sauka."

"Ba zai sauka ba. Kada ki fara yi mini irin ta yajin nan."

Na sunkuyar da kai. Ya daɗe yana kallon madubin. Sannan ya ja dogon numfashi, ya share fuska da hannun riga.

"To. Ko wane ne shi, ba a bar shi da gemu haka ba. Hannuna rawa yake yi. In kin fita ki turo mini wanzami."

Na turo. Da yamma ya fito faseji a aske, ya ce wa Bushra ta cika wuta.

A watan Yuli ruwa ya yi ta zuba kwana da kwanaki, kwatocin Agege suka cika suka tumbatsa, muka jera bulo a ƙofar gida muna takawa. Baba Yari ya daina iya fitowa. Khamisu ya bar zuwa abbatuwa, shi ke juya shi, shi ke yi masa alwala, shi ke goge masa rigar da zai sa kowace safiya ko da a kwance zai wuni, don in ba a goge ba ba ya yarda a sa masa. Ƙofar dai ya ce a bar ta a buɗe, yana so ya riƙa jin gidan.

Ranar Alhamis da safe na leƙa kafin in tafi rumfa. Numfashinsa yana fita da ƙyar. Ya yi mini alama in matso.

"Yau me za ki dafa?"

"Shinkafa da miya, Baba, da tuwo miyar agushi."

"Mutane suna zuwa?"

"Suna zuwa."

"Madalla." Ya lumshe ido, na ɗauka barci ne, sai ya sake buɗewa. "Kina da hannu, 'yata. Tun kafin in zo kina da shi. Gaggawa ce kawai ta yi miki yawa."

Na ce in Allah ya so zan kawo masa romo da rana. Ya ɗaga yatsu biyu daga kan bargo, ya mayar.

Ana kiran azahar ina zuba wa wani direba abinci, sai na hango Bushra tana tahowa cikin ruwan sama, ba takalmi, mayafinta a jiƙe ya manne mata a ka. Ba ta ƙaraso ba ta tsaya a tsakiyar titi, okada suna kauce mata. Na ajiye kwanon.

Ta ce Khamisu yana riƙe da kan Baba, yana karanta masa kalmar shahada yana bi, har muryar ta ɗauke.

Kafin la'asar an yi masa sutura. Ban san mutane sun san shi haka ba. 'Yan dako suka ajiye baro, direbobin danfo Musulmi suka shiga sahu, waɗanda ba Musulmi ba suka tsaya a gefe da huluna a hannu. Malam Talle ne a gaban makara, ruwa yana zuba daga gemunsa. Mu mata muka tsaya a faseji muna jin tafiyarsu tana nisa.

Kowa ya ce ciwon ƙoda ne, kuma likita ya ce ya daɗe a jikinsa tun kafin a sani. Na yarda da wannan. Ya ce ya yafe mini, na kuma yarda da gaske yake. Amma har yau in na tuna kwana taran nan da labulensa yake a sake, ina wucewa da kwanukana safe da yamma ban tsaya ba, sai in ji abinci ya fita daga raina.

Washegari da hantsi ruwan ya ɗauke, rana ta fito a karo na farko cikin mako. Masu zaman makoki suna ƙofar gida a kan tabarmi. Na zagaya bayan gida ɗiban ruwa, na tarar Bushra ta fito da katifarsa ta jingine ta a jikin katanga don ta sha iska. Tsohuwar katifa ce ta auduga, tsakiyarta ya lotsa daidai tsawon mutum, da ɗan rami a inda kafaɗa take kwanciya. Tururi yana tashi daga jiƙaƙƙen siminti. Wata kaza ta zo ta kwanta a inuwarta, ta buɗe fiffike ɗaya, ta rufe ido.